Koren Zare a Bayan Lambar Kafaɗa

Jama'a, abin da zan ba ku ba a bakin wani na ji shi ba, da ni ya faru, kuma wallahi tallahi da ƙarya nake son shirya muku da na nemi wadda ta fi wannan daɗin ji, wadda zan fito a cikinta da ɗan mutuncina. Shekarun baya ne, lokacin ina aiki a wani shagon ɗinki a unguwar Aƙiƙ a nan Madina, cikin wani lungu da ba zan faɗa ba don mai shagon yana nan da ransa kuma ba ya son surutu. Aikina gyaran mishla, wato alkyabbar nan ta Larabawa mai zaren zinare a wuya da ƙirji, idan zaren ya tsinke ko ya warware ni ake miƙo wa. Mai shagon, Ammi Salihu, jikan Hausawan nan ne da suka zo hajji da ƙafa suka zauna, ɗan ƙasa ne, yana jin Hausa sarai amma rabin amsarsa da Larabci take fitowa. Mutumin kirki ne, ba ni da abin faɗa a kansa, sai dai da an sallame azahar zai ja motarsa ya tafi gida wurin iyalinsa sai bayan la'asar, ni kuma in jawo ƙofar gilashi in zauna, don ɗakina a saman shagon yake, ba inda zan je, ba kuma mai jirana.

Ni haifaffen Bor Sudan ne, a bakin teku na tashi. Matata ta rasu ba mu samu haihuwa ba, gari ya yi min faɗi, shi ne na tattara na zo nan. Wadda ta rage min a duniya Yaya Zainabu ce, babbar yayata, ita ma daga salla sai salla muke gaisawa a waya, ba faɗa muka yi ba, haka dai abin ya lalace a hankali. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, tela ne a kusa da tashar jiragen ruwa, hafsoshin sojan ruwa suna kawo masa kaki yana ɗinka musu lambobinsu, ni kuma ina ƙarƙashin kekensa ina tsintar guntayen zaren zinare. A wurinsa na koyi riƙe allura. Da ya rasu aka sayar da keken, aka raba ɗan abin da ya bari, ni ina wani gari a lokacin, na dawo ban tarar da ko almakashinsa ba. Ko hotonsa ba mu da shi, don bai yarda da hoto ba.

To daga nan ne cutar ta kama ni. A Madina, garin da ba teku ba ko kwale-kwale, ni na zama mai tara tsofaffin lambobin kakin hafsoshin sojan ruwa. Ku yi dariyarku, ba ku ne na farko ba. Ammi Salihu kansa ba ya kirana da sunana sai dai Gubtan, wato kyaftin, in ya shigo da safe ya ƙame ya sara min ya ce, "Ya Gubtan, yau ina jirgin ya nufa, dutsen Uhudu?" Duk Juma'a da yamma ina haraj, kasuwar gwanjo, ina bin tabarmi ina tona tarkace. Za ku yi mamakin abin da yake zuwa garin nan. Tsofaffi daga ko'ina a duniya suna zuwa su ƙarasa kwanansu kusa da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kowa da ɗan akwatinsa da abin da ya kasa rabuwa da shi, idan ya cika ba magaji sai kayan su ƙare a kan tabarma. A nan nake samun lambar hula mai anka, wato ƙugiyar nan da ake tsayar da jirgi da ita, da maɓallan tagulla, da lambobin kafaɗa, in kawo ɗaki in jera a gwangwanayen biskit.

Amma daɗin abin a wurina ba tarawar ba ce, gane shekarun abu ne. In ka ga kambin sarauta a saman anka ka san tun ƙasar tana da sarki ne, in mikiya ce ko tauraro ka san an yi juyi. Zaren zinare na gaske in ya tsufa duhu yake yi kamar dabinon ajwa, na zamani kuwa ƙyalli zai yi ta yi har ya ɓare kamar bawon albasa. Ulu irin na da, asu yana sonsa, na yanzu ko asu ba ya kula shi. Sai dai Baba ya koya min in ka ɗauki lamba ka fara juya bayanta, don a can tela yake barin hannunsa, a can ake gane ɗinkin hannu da na inji. In kuma har yanzu kana shakka, sai gwajin ashana: ka yanki ɗan bakin zaren ka kai masa wuta, in auduga ce ko siliki irin na da, zai ci ya zama toka, in zaren roba ne na zamani sai ya narke ya dunƙule ya yi ɗan baƙin ƙwallo mai tauri. Ku riƙe wannan gwajin, za mu dawo kansa.

Ranar da na same ta, wurin Abakar ne, wani mutumin Cadi mai shimfiɗa a haraj wanda ya san cutata, yana ajiye min duk abin da ya gani da anka a jiki. Ya ce an kwashe kayan wani tsohon ribaɗi da za a rushe, gidajen nan na wakafi inda tsofaffin baƙi marasa kowa suke zama, ga wani tsumma ya fito daga cikin wani akwatin ƙarfe, in duba ko irin haukana ne. Lambar kafaɗa ce, ƙwaya ɗaya tal, baƙin ulu, layi uku na zinare, na saman ya naɗe ya yi zobe. Maɓallinta ya ɓace, don haka ba a gane ta wace ƙasa ce, ƙasashe da yawa sun yi irin wannan zubin. Zinaren ya yi duhu sosai, asu ya ɗan taɓa gefe guda, kallo ɗaya na san ta girme ni. Na juya bayanta kamar yadda na saba, sai na tsuguna a gefen tabarmar Abakar na ƙura mata ido har yana tambayata ko rana ce ta buge ni.

An taɓa yi mata gyara. Wani ya kama layin tsakiya da ya warware, ya ɗinke shi ta baya da koren zare, ya rufe ɗinkin da saka uku a jere, ya koma ya soke ta tsakiya, ya bar ɗan bakin zare kamar gashin ido. Jama'a, wannan rufin na Baba ne. Na yi aiki da teloli iri-iri, Indiyawa, Yamalawa, Misirawa, ban taɓa ganin wanda yake rufe ɗinki haka ba sai shi, sai kuma ni da ya koya wa da dundu. Nan take na shirya wa kaina labarin gaba ɗaya: jirgin wani hafsa ya tsaya a Bor Sudan, ya kai wa Baba gyara, baƙin zare ya ƙare masa ranar sai ya sa kore, hafsan ya tsufa ya zo Madina ya rasu, Allah ya juyo da abin ya kawo min har hannuna. A gefen ɗinkin akwai wani ɗan ɗigo ja-ja da ya koma ruwan ƙasa, na ce tsatsa ce daga akwatin.

Wannan lambar ban haɗa ta da sauran ba. Gwangwaninta daban, na naɗe ta a farin hankici, ban nuna wa kowa ba, ko Ammi Salihu. Ba na jin kunyar faɗa muku, shekaru na yi in na hau ɗaki zan ci abinci sai na buɗe ta na ajiye a gabana, ina cin gurasata ta tamis da ful, wato dafaffen wake, ina ba ta labarin wanda ya kawo mishla yau da wanda ya yi min rashin kunya, in na gama in shafa koren zaren da yatsa, wani lokaci in sumbace shi in ce sai da safe Baba. Duk abin da ya shigo hannuna sai na gwada shi da ashana, ita kaɗai ce ban taɓa gwadawa ba, na ce wa kaina ba zan kai wuta jikin ɗinkin mahaifina ba. Har koren zare na saya na ajiye a aljihun tebur don ya yi kama da nasa. Abu ɗaya ne yake ci min rai, ita kaɗai ce. Lambar kafaɗa biyu take zuwa kamar takalmi, ta hagu da ta dama, zoben nan na sama ba gefe ɗaya suke kallo ba. Tawa ta hagu ce, kuma kullum ina tunanin ina 'yar'uwarta ta shiga.

Sai wata rana da ƙailula, cikin tsananin zafin nan na Madina da ko kyanwa ba ta tsallaka titi, shaguna duk a rufe, ina zaune ni kaɗai na baje lambobin hula a kan tebur ina gogewa, na ji an yi sallama. Ban ji buɗe ƙofa ba, amma mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, yana ta ruri, ban kawo komai a raina ba. Wani tsoho ne dogo siriri, baƙi, farar jallabiya tsaf, farin gemu an datse shi daidai, yana tafiya yana buɗa ƙafafu kamar ƙasa tana lilo da shi, irin tafiyar waɗanda suka daɗe a jirgi. Ya ce, "Sannu da aiki, ɗana." Kai! Hausa tsantsa, ba ko ɗigon Larabci, irin wadda rabona da ji tun rasuwar kakata. Ya kalli abin da nake yi ya ce in daina goge waccan da man goge ƙarfe, kashe ta zan yi, tsohon burushi mai laushi ya ishe ta. Na jawo masa kujera, na zuba masa shayi, ya karɓa ya riƙe kofin da hannu biyu har ya huce bai kai baki ba.

Daga ranar ya riƙa zuwa, ba kullum ba, amma koyaushe da ƙailula bayan Ammi ya tafi, kuma kafin kiran la'asar ya miƙe. Na tambayi sunansa ya ce in ci gaba da ce masa Baffa ya ishe shi. Na tambayi inda yake zaune ya ce can wajen Harami, maƙwabcin Baƙi'a ne shi, wato babbar maƙabartar garin, ni kuma na ɗauka wani masauki yake nufi a wajen. Ya ce a arewa aka haife shi inda ba teku, ya ƙare ƙuruciyarsa a kan teku, ya dawo ya zauna inda ba teku, haka Allah ya so. Ina fito masa da gwangwanaye yana ɗauka ɗaya-ɗaya, ya ce wannan ta ƙaramin hafsa ce da bai daɗe a aiki ba, dubi ko lanƙwasa ba ta yi ba, waccan kuwa ta sha gishiri, mai ita ba mazaunin ofis ba ne. Wani lokaci mu yi gardama a kan shekarun maɓalli ɗaya har in ɗaga murya, shi yana murmushi. In ya tafi, shagon yakan ɗan jima yana warin teku, warin nan na gishiri da jiƙaƙƙiyar igiya da na sani tun ina yaro, sai in ce kewar gida ce take yi min wasa da hanci. Gaskiyar magana ba na son in bincika. Tun da na zo garin nan ban taɓa samun wanda yake zuwa takanas don ni ba sai shi, har na fara sauraron lokacin ƙailula da ɗoki, ni da a da shi ne lokacin da na fi tsana.

Rannan daɗin hira ya ɗebe ni na ba shi labarin lambar Baba, da koren zaren, da rufin ɗinkin, har da yadda nake cin abinci da ita, abin da ban taɓa gaya wa ɗan'adam ba. Ya kalli kofin da ke hannunsa ya ce, "Ka tabbata hannunsa ne?" Na ce Baffa, kamar yadda na san sunana. Na tambaye shi ko jirginsu ya taɓa tsayawa a Bor Sudan, ya ce sun tsaya a tashoshi da yawa. Sai ya dube ni da wani irin tausayi da ban so ba, ya ce, "Kana da 'yan'uwa, ɗana?" Na ce yaya ɗaya, tana can gida. Ya ce to madalla, ya ajiye kofin ya tafi.

Zuwansa na ƙarshe, ko zama bai yi ba ya sa hannu a aljihu ya fito da abu ya ajiye a kan tebur. Lambar kafaɗa, baƙin ulu, layi uku, zobe a sama, ba maɓalli. Wayyo Allah! Na ce 'yar'uwarta ce, Baffa, wallahi 'yar'uwarta ce! Zinarenta bai yi duhu kamar na tawa ba, yana da sauran rai, asu ma bai taɓa ta ba, na ce wannan a naɗe aka adana ta shi ya sa. Na roƙe shi ya sayar min ya girgiza kai, ya ce ba ta sayarwa ba ce, gyara ya kawo, layin tsakiya ya warware yana reto. Ya ce, "Ba na so wanda zai same ta a bayana ya ce mai ita ƙazami ne." Na yunƙura zan hau sama in ɗauko tawa in jera su, ya ce, a hankali amma da muryar da ta saba a bi ta, "Bar ta inda take. Zauna ka yi aikinka, la'asar ta kusa." Ni kuwa sai na zauna kamar ƙaramin soja.

Na juya bayanta, fes, ba a taɓa yi mata gyara ba. Na miƙa hannu zan ɗauki baƙin zare, sai na ce a raina a'a, tunda Baba ya yi waccan da kore bari in yi wannan da kore, hannun uba a kafaɗa ɗaya, hannun ɗa a ɗaya, ai abin zai yi kyau. Na jawo aljihun tebur na ɗauko koren zaren nan. Ina ta gaggawa don murna, ni da na shekara da shekaru ina wannan aiki, har bakin wayar zinaren ya soke ni a babban yatsa, jini ya ɗiga a kan ulun daf da ɗinkin. Na ce ashsha, na nemi tsumma zan goge, ya ce in bari ba komai. Na rufe da saka uku, na koma na soke ta tsakiya, na bar ɗan gashin ido, na miƙa masa. Ya duba gaba, ya duba baya, ya gyaɗa kai ya ce, "Ka kyauta da ka yi shi da kyau, kai za ka daɗe kana kallonsa." Na ce kenan wata rana zai bar min ita? Ya mayar da ita aljihu ya ce, "Ai tana wurinka." Ya yi sallama ya fita da tafiyarsa ta lilo, daidai an fara kiran salla.

Maimakon in nufi masallaci, Allah ya yafe min, da gudu na hau sama, ina son in kalli ɗinkin Baba tun nawa yana sabo a idona in ga ko na kamo shi. Na buɗe gwangwani, na warware hankici, na ajiye ta a tafin hannuna yadda na riƙe waccan ɗazu, sai na ga zoben. Gefen da zoben tsohon yake kallo, nan nawa yake kallo. Tashi ta hagu ce, tawa ma ta hagu ce. Ni da nake yi wa mutane fankamar sanin lamba, murna ta rufe min ido ban lura ba. Ba mai kafaɗar hagu biyu. Na juya bayanta. Koren ɗinkin yana kan layin tsakiya, a daidai gurbin da na gama ɗinkewa yanzun nan, sakar farko ta ɗan karkace kamar yadda tawa ta karkace lokacin da waya ta soke ni. Ɗigon nan kuma da na yi shekaru ina ce masa tsatsa, yana nan daf da ɗinkin, inda jinina ya ɗiga. Na kalli yatsana, bai ma gama tsayawa ba.

Na zauna a bakin katifa ban san iya lokacin da na ɗauka ba, ina ta Innalillahi. Daga baya na yi abin da na ƙi yi tun ranar da na same ta. Na ɗauko almakashi na yanki rabin gashin idon nan, na riƙe da hantsaki, na ƙyasta ashana. Billahillazi ina roƙon Allah a zuciyata ya zama toka. Ya narke, ya dunƙule, ya yi ɗan baƙin ƙwallo. Zaren roba ne, irin wanda yake cikin aljihun teburina a ƙasa, irin wanda Baba bai taɓa sawa a allura ba har ya bar duniya. Ya koɗe, ya tsufa tare da ulun, datti na shekaru ya shige shi, amma nawa ne.

Ku ce tsoro ne ya fara kama ni, a'a, tsoron daga baya ya zo. Abin da ya fara zuwa baƙin ciki ne, irin wanda ban ji ba ko ranar da aka gaya min rasuwar Baba. Ashe ba ni da komai na Baba. Ashe duk shekarun nan hannun kaina nake shafawa, hannun kaina nake sumbata, ni da ni muke cin abinci a ɗakin nan ina zaton mu biyu ne. Na yi kuka ranar, ƙato da ni, da furfura a gemu.

Na bincika iya yina. Na koma wurin Abakar na tsare shi da tambaya, ya rantse lamba ɗaya ce a akwatin, kuma mai gadin ribaɗin ya gaya masa tun a lokacin cewa akwatin yana kulle a ɗakin ajiya tun kafin shi ya kama aiki, mai shi ya daɗe da rasuwa, ba wanda ya tuna sunansa, an dai ce wani baƙin tsoho ne da ba ya shiga harkar kowa. Na roƙi Ammi Salihu ya buɗe min kyamarar shago in ga masu shigowa da ƙailula, ya yi dariya har da riƙe ciki ya ce, "Ya shaikh, wannan ai don ɓarayi su gani ne, min yom, tun ranar da aka kafa ta, ba a jona ta ba." Da ya ga fuskata ya daina dariyar, ya ce in ɗauki hutu in je Yanbu can bakin teku in ga ruwa, wai kewar teku ce. Wani malami da na gaya wa ya ce wanda ya mutu ba ya dawowa, wannan kowa ya sani, wataƙila mutanen ɓoye ne, in riƙe azkar. Na riƙe, kuma na yarda da shi. Amma ko aljani ne, ta yaya ɗinkin da na yi da la'asar ya riga ni zuwa akwatin da aka kulle tun ina ƙarƙashin keken Baba? Ban matsa wa malam da wannan tambayar ba. Tsohon kuwa bai sake zuwa ba.

A makon na kira Yaya Zainabu, ba salla ba komai, har ta tsorata ta ce wa ya mutu. Na tambaye ta ko ta taɓa ganin Baba ya ɗinka kayan hafsoshi da koren zare. Ta ce, "Baba? Kore a kan baƙin kaki? Ai da ya gwammace ya rufe shago ya tafi kasuwa da ƙafa. Ka manta dundun da ka sha a kan zare?" Sannan ta ce, "Wato sai a kan tsumma za ka kira ni?" Muka yi dariya, daga nan ta fara ba ni labarinsa, yadda yake kurɓar shayi da ƙara, yadda yake saƙale allura a hula ya manta ya yi ta nema yana zargin kowa, abubuwan da na manta sarai. Har katin waya ya ƙare ba ta gama ba. Ashe abin da ya rage na Baba yana bakinta, ni ina can ina hira da gwangwani.

Shi ya sa nake ba ku shawara, 'yan'uwa, musamman ku da kuke zaman baƙunta a ƙasar mutane kuna kwana a saman shago. In kun sayi kayan gwanjo ku yi wa mai shi addu'a, don da mai shi, kuma ba ku san yadda ya rabu da abinsa ba. In kuna da wanda za ku kira, ku kira shi yau, kada ku jira salla. Kaya ba ya zama abokin zama, na gwada.

Lambar tana nan a gwangwaninta, ban jefar ba, ban kuma sake cin abinci da ita ba. Na bar wancan shagon da daɗewa, amma har yau da ƙailula ba na zama ni kaɗai, sai in tafi masallaci ko in nemi inda mutane suke. Abakar na gaya masa in ya ga lamba mai layi uku da zobe kada ya ajiye min, kada ma ya gaya min ya gani. Don wani lokaci ina cikin ɗinki a tsakiyar garin nan da ba teku, sai in ji warin gishiri da jiƙaƙƙiyar igiya ya gifta, ba na ɗaga kai. Tsohon nan bai ce min ba zai dawo ba, kuma kafaɗa biyu gare shi, ni ɗaya kaɗai na gyara.